Itacen Gama

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

An kawo itacen. Mota guda aka jibge a bayan kicin, kusa da ɗakin janareta, Ya'u direba yana tsaye baki sake kamar bai taɓa ganin itace ba, shi da aka haifa a gindin murhu. Na ce ya rufe bakin ya nemo tamfol, don tun safe hadari ke haɗuwa.

Ba a jima ba Hajiya Binta maƙwabciyata ta bugo waya, wai ta ga ana shigo da itace, ko gas ɗina ne ya ƙare ta aiko min. Matar da har yau ba ta bambance cokalin shayi da na miya, amma idonta na kan ƙofar kowa a layin nan. Na ce mata wankan jego za a yi, 'yata ta kusa sauka. Ta ce, "Au, Najla? A nan za ta yi?" Na ce a'a, a kan titi za ta yi. Na kashe wayata.

An gama fentin ɗakin da ke jikin nawa. Gadon jariri ya iso. Tukunyar wankan kuwa Hasiya mai girkina ta dirje ta har tana ƙyalli. Ganyen wanka ba sai an saya ba, ga darbejiya nan a tsakar gida, wadda tun mijina Alhaji na da rai nake cewa a sare, ashe da ranarta.

Haihuwar fari a gidan uwa ake wankanta, kowa ya san wannan. Likita ta ce saura mako biyu ko uku.

Talata, 5 ga wata, bayan La'asar

Abdulbaƙi ya zo, mijin Najla. Turarensa ya riga shi shigowa falo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ruwa, ya tambayi ƙafata, ya tambayi hawan jinina, saura kaɗan ya tambayi lafiyar kujerun. Ma'aikacin banki ne, ya saba da kewaye-kewaye kafin ya ce wa mutum a'a. Daga ƙarshe dai ya ce wai suna ta shawara shi da ita. Wai Gama.

Na sa Hasiya ta kawo masa lemo. Ya sha rabi ya tafi.

Ba zan rubuta sauran ba yau.

Laraba, 6 ga wata, bayan Asuba

To bari in rubuta, takarda dai ba za ta kai wa Hajiya Binta ba. Najla tana so ta yi wankan jegonta a unguwar Gama, a gidan Indo.

Indo ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta haife ta. Iyakar abin da ta yi ke nan, ta haife ta. Ko akuya tana yin wannan. Yarinya ba ta ko gama tsayawa da ƙafarta ba Indo ta sake ɗaukar wani cikin, marigayiya Hajiyarmu ta goyo ta ta kawo min yaye, ta sauke ta a wannan falon da riga ɗaya da ƙuraje a ka. Ta ce, "Sakinatu, ga ta nan, gidanki ya yi shiru da yawa." Ba wanda ya zo ɗaukarta, ni ma ban mayar ba. Yau shekara ashirin da shida.

Sunanta na yanka Hafsatu, sunan Hajiyarmu, ba mai iya kira a cikinmu. Su can suka ce Uwani, kamar mai tallan awara. Ni na ce Najla, kuma Najla ya bi ta har ofis. Ni na yi jinyar ƙyandarta. Ni na zauna gaban shugabar makaranta ranar da ta fasa wa wata yarinya baki. Da aurenta ya zo ni na yi jere, ni na yi gara, Indo tana can bayan rumfa cikin masu wanke-wanke, ba kuma wanda ya sa ta.

Gama fa. Lungun da mota ba ta shiga, sai ka ajiye ta a bakin titi ka tattare zani kana tsallake kwata. Ɗaki uku, mutane kamar gidan biki, banɗaki ɗaya mai ƙofar langa-langa, keken ɗinkin mijinta Malam Idi yana ƙara a zaure wuni guda. Nan za a kai min jika, da damina.

Alhamis, da yamma

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Juma'a, 8 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Magana ta zaga dangi. Ban san wa ya kai ba, amma na san turarensa.

Hajiya Binta ta shigo da kanta, da haƙorin Makkarta da fuskar ta'aziyya, ta ce in yi haƙuri, ai riƙo ya gaji haka, na sauke amana, ladana yana wurin Allah. Wata gwaggonmu da ba ta taɓa saya wa yarinyar ko ɗan kunne ba ta bugo daga ƙauye ta ce ajiya aka ba ni, in ban manta ba. Wata kuma a waya ta ce tallafi na yi, Allah ya saka.

Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Akwai wata 'yar kalmarsu, "have", da nakan ɓata mako guda a kanta kowace shekara, don su da ita suke yin komai. Da ita mutum ke da gida, da ita yake ciwon kai, da ita yake cin abincin rana, da ita mace ke haihuwa. Nakan cika allo da ma'anoninta da 'yan uwanta, yara suna kwafa suna hamma, ni kuma ina ce musu Turawa malalata ne, sun ɗora wa jaki ɗaya kayan kasuwa guda. Yau na ga amfanin lalacin. Mu da muke da kalmomi birjik, kowace mace ta ɗauki tata ta jefe ni da ita. Riƙo, amana, ajiya, tallafi. Duk cikinsu babu wadda ta iya buɗe baki ta ce 'yarki.

Na sa Hasiya ta wanke kofin da Hajiya Binta ta sha ruwa da shi sau biyu.

Lahadi, 10 ga wata, bayan Azahar

Najla ta zo. Ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar ta hau matakalar baranda. Na nuna mata ɗakin, ta shafa gadon jaririn ta ce ya yi kyau. Irin yabon da ake yi wa kayan wani.

Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata kamar yadda ta saba tun tana firamare. Ta ce, "Mami, ba gudunki nake yi ba."

Na ce, "Da wannan cikin ina za ki iya gudu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun da ta yi wayo Anti Indo ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko wanne daga ciki. Ba ta taɓa kallon idonta ba. In ta gaishe ta, bango take amsa wa. Ta ce ta san ana cewa kunya ce ta ɗan fari, amma wace irin kunya ce ba ta hutu ko ranar aure? Wai tana so ta zauna kwana arba'in a inda matar ba ta da wurin ɓuya, ta gani da idonta. "Ga shi zan haifi nawa, Mami. Ina so in san yadda ake haihuwar mutum a kau da kai."

Na faɗa mata abin da na saba faɗa mata tun tana ƙarama, cewa wanda ya damu da mutum yana nemansa. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Hajiyarmu ma har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babban yayanmu ba, kuma shi ne ranta. Amma wannan tsohon zance ne, ba a tambaye ni shi ba. Ni Turanci na koyar.

Ta tafi da dambun naman da na yi mata. Ba ta ce ta fasa ba.

Talata, 12 ga wata, da safe

An kwana ana ruwa. Tamfol ɗin da Ya'u ya kawo duk huda ne, itacen ya sha ruwa har ƙasa. Na tambaye shi ko rariya na aike shi ya sayo.

Laraba

Ba ta kira ba.

Alhamis, 14 ga wata, bayan La'asar

Na je Gama.

Takalmina mai kyau ya tafi a kwatar farko. Malam Idi ya miƙe daga kan kekensa yana ta sannu da zuwa, zare a baki. Indo ta fito daga madafa hannu duk kuka, ta zube har ƙasa tana Yaya sannu, Yaya ya hanya, Yaya da kin aiko na zo. Ta girme ni a fuska yanzu, ni da na ba ta shekara biyar. Haihuwa tara, haƙoran gaba biyu sun tafi, zanin jikinta ya koɗe har ba a gane kalarsa. Ta shimfiɗa min darduma ta kawo fura a kwanon sha, ƙuda na biye da ita.

Na ce an ce tana shirin baƙi. Ta ce, "Waɗanne baƙi, Yaya?" tana kallon ƙasa.

Ƙarya ba ta taɓa karɓar Indo ba. Ɗakin ƙarshe an yi masa sabon shafe, har da farar ƙasa, sabuwar leda a ƙasa, sabon labule wanda da gani ragowar yadin mutane Malam Idi ya harhaɗa. A ƙarƙashin rumfa kuma itace ne an jera shi har rufi, marke da ƙirya, busasshe ƙayau, an lulluɓe shi da buhuna. Wannan ba tarin mako ɗaya ba ne, ba na wata ɗaya ba. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce na sayarwa ne.

Na ce, "To Allah ya kawo kasuwa."

Sai ta ce, "Ya jikin 'yar taki?" Haka take cewa kullum, 'yar taki, yarinyar wajenki, mutuniyar Yaya.

Daga nan na faɗa mata abin da na je faɗa mata. Ban ɗaga murya ba. Na tuna mata wasu abubuwa, na tuna mata wadda ta sauke yarinyar a falona da abin da ta ce. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Tana ta murza bakin zaninta tana cewa haka ne, Yaya, haka ne. Ko musu ba ta iya ba. Mutum ya zo da shirin faɗa ya tarar da tsumma.

Ban sha furar ba.

Asabar

Ciwon kai. Na ce Hasiya ta ce wa kowa ba na nan.

Talata, 19 ga wata, bayan Azahar

Ta sauka lafiya. Namiji.

Ni ke riƙe da hannunta har aka shiga da ita, ni aka fara miƙo wa shi a cikin tawul. Jajir, da gashi kwance, da hancin Malam Idi, Allah ya sa ya gyaru. Abdulbaƙi yana ta ɗaukar hoto yana hawaye, namiji guda. Danginsa sun cika barandar asibitin da surutu da kuloli, uwarsa tana ce wa nas-nas jikanta, jikanta, kamar ita ta yi naƙudar.

Da Najla ta farfaɗo ta dubi ƙofa. Ta dube ta ba sau ɗaya ba.

Da zan tafi Ya'u ya miƙo min wani tsohon filas, ya ce wata ce ta ba shi a bakin get, tana zaune gindin bishiya tun safe, ta ce kada ya ce ita ce. Kunu ne. Filas ɗin da igiya aka ɗaure murfinsa, wa zai kasa gane mai shi? Na ce ya sha shi da maigadin asibitin.

Alhamis, 21 ga wata, da yamma

Tana nan. Tana ɗakin da ke jikin nawa, ina jin kukan yaron ta bango yanzu haka.

Ga yadda aka yi, kamar yadda Abdulbaƙi ya ba ni labari yana share gumi. Da aka sallame su ya nufi Gama da ita, yadda ta ce. Suka ajiye mota a bakin titi, ta taka lungun nan da ƙafarta, da ɗanyen jiki, ƙanwarsa na ɗauke da jaririn. Suka tarar da Malam Idi a zaure. Bai ɗago kai daga keken ba, ya ce, "Ta ce a kai ta gidan uwarta." Najla ta tsaya a bakin ƙofar ciki ta yi sallama. Ana daka a tsakar gida, sai dakan ya tsaya. Ta sake sallama, ta kira Anti Indo. Ba wanda ya amsa. Suka juyo.

Na sa aka buɗe get duka biyu. Na sa Hasiya ta yi guɗa, duk da muryarta kamar ta zakara mai mura. Na bugo wa Hajiya Binta na ce ta leƙo ta ga inda ake wankan, tunda ta tambaya.

Ajiya, in ji gwaggo. To ga mai ajiyar ta ce ba tata ba ce.

Alhamdu lillahi. Na ce alhamdu lillahi.

Asabar, 23 ga wata, da hantsi

An samo wata tsohuwa daga unguwar Badawa mai yin wankan jego. Hannunta da ƙarfi, bakinta ya fi hannun. Itacen nan jiƙaƙƙe sai hayaƙi, kafin ruwa ya tafasa rana ta take, duk gidan ya koma warin gidan suya. Tsohuwar tana ta mita, ni ina ta mita, Ya'u yana fifita da murfin bokiti.

Najla tana yin duk abin da aka ce. A ce tashi ta tashi, a ce zauna ta zauna. Ana fyaɗa mata ganye da tafasasshen ruwa ko uhum ba ta cewa, har tsohuwar ta ce ba ta taɓa ganin mai haihuwar fari mai dauriya irinta ba. Jahila. Wannan ba dauriya ba ce.

Farfesun kaza ya dawo yadda aka kai shi. Gasasshen nama ya dawo. Tuwo ya dawo.

Lahadi, bayan Asuba

Nono bai zo sosai ba. An fara ba yaron madarar gwangwani. Tana kwance fuskarta a bango, bangon da na zaɓi kalarsa da kaina.

Litinin, 25 ga wata, bayan Azahar

Wani mai kura ya tsaya a get, jiƙe sharkaf da gumi, wai daga Gama ya turo. Marke da ƙirya, busasshe ƙayau. A saman akwai ƙullin surfaffen gero, da yajin jego a gwangwanin madara, da 'yar kanwa. Babu saƙo. Ya ce sawu uku aka yi da shi, wannan na farko ne.

Da farko na ce a mayar. Sai na dubi nawa itacen yana ta tsiyayar ruwa, na ce a shigo da shi ta baya. Ashana ɗaya ya kama. Ko a itace sai Indo ta nuna wa mutane ita ta wahala ce.

Da yamma Najla ta ce yau ba hayaƙi. Na ce sabo na saya.

Talata, 26 ga wata, bayan Magariba

An yi suna. Mustafa, sunan Alhaji, za a riƙa ce masa Halifa. Abdulbaƙi ya yi abin kai sau ɗaya a rayuwarsa.

Rumfa biyu, raguna biyu, motoci har bakin layi. Matan unguwa sun zo da gwala-gwalansu suna auna labulena da ido, suna cin shinkafata suna gulmar wadda ba ta zo ba. Mai kwalliya ta shafe Najla da hoda ta naɗa mata ɗauri, aka zaunar da ita ana hoto. Leshin da aka ɗinka mata wata biyu da suka wuce yana yawo a jikinta. Kowa na cewa mai jego ta yi kyau. Makafi.

Daga Gama yara suka zo, suka ci suka tafi. Ita ba ta zo ba.

Gidan nawa ne. Jikan nan sunan mijina gare shi. Kowa yau Maman Najla yake ce min, har gwaggo. Duk abin da na ce nawa ne an bar min.

Alhamis, 28 ga wata, da safe

Likitarta ta zo gida. Yarinya ce ƙarama mai gilashi, da na koyar da irinta ɗari, amma ta ja ni gefe tana min magana a hankali kamar ni ce marar lafiyar. Wai jiki lafiya lau, damuwa ce, a kula sosai, kada a bar ta ita kaɗai, irin wannan yakan yi nisa. Ta tambaya ko wani abu ya faru. Na ce haihuwa ta faru.

Bayan ta tafi na kai kunu da kaina, na geron nan. Na zauna a bakin gado. Najla ba ta juyo ba. Ta ce, "Mami, ashe gaskiya kike faɗa min tun ina yarinya. Ba ta so na. Ki yafe min da na so in bar ki."

Shekara ashirin da shida ina jiran wannan maganar. Na ji ta yau da kunnena, kuma wallahi ban ji daɗinta ba.

Kunun ya huce a hannuna.

Juma'a

Sawu na uku ya iso. Bayan kicin ya cika.

Asabar, 30 ga wata, bayan La'asar

Yau da ana wankan safe na ga bayanta. Ana ƙirga ƙashi. Yarinyar da na yi wa ɗure da cokali har ta yi kumatu.

Da tsohuwar ta fita na rufe ƙofa. Na ce mata itacen da ake dafa ruwan nan ba saya na yi ba, daga Gama yake. Geron ma haka, yajin ma haka. Na ce akwai ɗaki a can da aka shafe aka sa wa leda da labule, na gani da idona kafin ta haihu. Na ce mai shafe ɗaki ta tara marke har rufi ba ƙin mutum take yi ba, wauta ce ke damunta, da kunyar ƙauye, da tsoron yayarta.

Ta juyo. Rabon da in ga idonta sosai tun a asibiti. Ta ce, "To me ya sa ta kore ni?"

Na ce, "Kara ta yi min." Iyakar abin da na ce ke nan, kuma ya isa. Ta gane abin da ya kai ni Gama ranar nan. Ba ta da wauta, ni na rene ta.

Na fito na kira Ya'u na ce gobe da sassafe ya je Gama. Kada ya roƙa, kada ya yi bayani. Ya ce Yayarki ta ce ki zo. Indo ba ta taɓa tsallake wannan ba tun muna yara.

Lahadi, 31 ga wata, bayan Magariba

Ta zo, da mayafin unguwa mai warin adaka. Ta ƙi shiga falo, wai ƙafarta da taɓo. Ta zagaya baya ta zauna a ƙasa gaban murhu tana gyara wutar da ba ta lalace ba. Tagar ɗakin Najla a saitin wurin take, a buɗe. Na ce ta shiga ta duba mai jego. Ta ce, "Ai tana hannunki, Yaya." Na so in kwaɗa mata itacen nata.

Sai na shiga na ɗauko Halifa na dangwara mata shi a cinya. Na ce riƙe min.

Ikon Allah. Matar da ba ta iya haɗa kalma uku a gabana sai ga baki ya buɗe. Jika ba a jin kunyarsa, abokin wasa ne, wannan kam ba mai hana ta. Ta ɗaga shi tana jujjuyawa, wai kai ne angon nawa, da wannan hancin, ko turmin atamfa ba ka zo da shi ba, ni ba na auren malalaci mai barcin rana. Hasiya tana dariya daga kicin. Ni ina tsaye.

Daga nan muryarta ta sauka, amma ba ta sauka yadda taga ba za ta ji ba. Idonta a kan yaron, ba ta ɗaga shi ko sau ɗaya ba.

"Ka rame, maigida. Ka ce wa masu masaukinka su ci abinci, ni ba na son ramammen miji. Ka ce musu geron nan da hannuna na surfa shi. Ka ce musu tun ranar da aka ce kana tafe nake tsintar itace. Ranar nan da kuka zo ina bayan ƙofa, na ji sallamar, duka biyun na ji. Ka ce musu na amsa a ciki. Ka ce musu su yi haƙuri, tun suna kamarka nake kallonsu in sun juya baya."

Labulen tagar ya motsa. Ban duba ba, na tafi duba abin da ba ya buƙatar dubawa a ɗakin janareta.

Muryar Indo ba daɗi, tun tana yarinya haka take. Ta wuni tana zuba, yaron yana barci abinsa. Uwar da 'yar ba su haɗa ido ba, ba su ce wa juna uffan ba. Da La'asar Hasiya ta fito daga ɗakin da tire, ta bi ta gabana da gangan. Kwanon tuwo wayam, kofin kunu wayam, wai an ce a ƙaro yaji. Kwana nawa ina yanka kaji.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Har yanzu ina ji. Amma ta ci.

Da za ta tafi ta durƙusa a bakin baranda, mayafin duk toka. Ta ce, "Yaya, na gode. Allah ya raya miki. A ci gaba da haƙuri da 'yar taki."

Na ce, "Tawa ce, ba sai kin faɗa min ba. Gobe ki zo da asuba. Itacenki tartsatsi gare shi, ba mai iya masa a gidan nan, ke za ki riƙa hura abinki har a yi arba'in."

Ta ce to, Yaya.

Na sa Hasiya ta fitar mata da tabarma ta ajiye a ƙarƙashin tagar.